Rediyo a Kujerar Baya

Tun muna sabon aure Malam ya laƙaba mini suna Rediyo, kuma ba zan ce ya zalunce ni ba. Ni dai ban iya kallon fim baki rufe ba. Da an nuno mutum da ɗan murmushin gefen baki zan ce wannan munafuki ne, ku zuba ido. In yarinya ta doshi ɗaki mai duhu sai na yi mata magana, duk da ba a taɓa samun wadda ta ji shawarata ba. Shi kuwa Malam kallon fim aikinsa ne, nazarinsa yake koyarwa a kwaleji, sashen aikin jarida. Zai zauna da rimot a hannu, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake tsayarwa, har shayinsa ya huce. Shekara da shekaru magana ɗaya nake ji daga bakinsa in muna kallo: "Rediyo, a rage murya."

Ni na fara lura cewa ya daina tsayar da fim. Sai ya bar shi ya yi ta tafiya, in an yi abin dariya kuma sai na dara sannan ya biyo baya. Ran da ya zuba shayi a gefen kofi na ɗauki mayafina na ce mu je asibiti. Likita bai ɓoye mana ba: jijiyar ido ce ke lalacewa, magani zai rage mata gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Abin da ke dab da fuskarsa yana ganinsa in da haske sosai. Allo kuwa ya zame masa haske mai motsi kawai.

Bai gaya wa kowa a kwaleji ba. Akwai darasi guda da ya riƙe tun kafin a haifi autarmu, na nau'o'in fim da 'yan kallo da dabarun ɗauka. Shi ya tsara shi, shi ya yi faɗa aka sayo majigi saboda shi. Ya san in shugaban sashe ya ji labari, da ladabi da girmamawa za a karɓe ajin a ba wani matashi, shi kuma a ajiye shi a ofis ya jira ritaya. Na san mijina. In aka raba shi da ajin nan, zama zai yi a kujera ya dusashe ina kallo, kuma abin ya tsorata ni fiye da makantar kanta.

Wata rana da yamma ya lalubo rimot ya ɗora mini a cinya.

"Rediyo," ya ce, "a ƙara murya."

Na yi dariya don kada in yi kuka, na kunna.

"Me ake nunawa?" ya tambaya.

"Matar ce. Ranta a ɓace yake."

"Ta yaya kika sani?"

"Haba Malam, ni fa mace ce."

"Ba shi na tambaya ba. Ina kyamara take?"

"A hannun mai ɗauka mana."

Ya yi wata ajiyar zuciya irin wadda yake yi wa ɗaliban da ba su yi karatu ba. Ni kuwa ba ɗalibarsa ba ce. Na ajiye masa rimot ɗinsa na shige kicin, na shiga buga tukwane yadda zai ji. Can sai ga shi yana bin bango, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Daga nan," ya ce, "mai ido zai ga kicin gaba ɗaya, ke kuma 'yar ƙarama a tsakiyarsa, tukwane sun kewaye ki. Wannan ita ce ɗaukar nesa. Ana yin ta in ana so a nuna mutum shi kaɗai ne." Ya tako ciki. "Daga nan kuma, daga ƙugu zuwa sama. In na matso har fuskarki ta cika allo, ɗaukar kusa ke nan."

"Koma ɗaukar nesa," na ce, "mai zai fantsamo maka."

Haka karatuna ya fara, ina da jika. Na koyi duba inda haske ke fitowa, da ko kyamara tana kallon mutum daga sama ko daga ƙasa. Na koyi cewa fim ɗin ban tsoro yana ɓoye rabin ɗaki, na barkwanci kuwa yana haska ko'ina don ka ga mai faɗuwa da abin da ya kayar da shi. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne yanka, wato inda hoto ke tsallakawa zuwa wani. Kafin in ce an yanke, an sake yankewa. Sai na ƙirƙiro dabara: duk yanka in taɓa masa gwiwa da yatsa. A fim ɗin soyayya yatsana kan huta har in manta da shi. Ran da muka sa fim ɗin faɗa, ya kama hannuna ya ce ido ya riga ya tafi, in bar masa gwiwa.

Ba kullum nake daidai ba. Wani lokaci labari ya ɗauke ni in manta da kyamara, in koma zagin munafuki, shi kuma ya jira in gama. Amma kansa bai tsufa ba. Abin da na faɗa masa sau ɗaya ya zauna, gobe ya tsaya gefen allo a aji ya ce a tsayar, ya nuna kusurwar da inuwa take kamar yana ganinta. Ni ke tuƙa shi, da sunan bayansa ke ciwo, in zauna a kujerar baya ta ajin da saƙata ina jiransa. Ɗalibai suka saba da ni, suna ce mini Mama. Bakina kuwa a kulle, wanda duk wanda ya san ni zai ce ba ƙaramin aiki ba ne.

Makon ƙarshe na zango ɗalibai ke nuna gajerun finafinan da suka haɗa. Sun kawo tun da wuri, mun kalle su a gida, Malam ya haddace. Saura na wata doguwar yarinya mai tabarau, wadda kwamfutarta ta lalace, ta ce sai ranar za ta zo da shi. A ranar kuma, ana shirin kashe fitila, shugaban sashe ya shigo ya zauna kusa da ni. Ya gaishe ni da fara'a, amma na san abin da ya kawo shi. An ce Malam ya wuce shi a baranda bai ko ɗaga masa hannu ba.

Da aka zo kan na mai tabarau, na yi ta addu'a a yi magana a cikinsa, don da murya Malam zai iya kama hanya. Ko kalma ɗaya babu, ko kiɗa babu. Ƙarar buta, ƙarar cokali a kofi, sai kukan ƙofa. Malam yana tsaye gefen allo, fuskarsa na fuskantar hasken, yatsana yana ta motsi a kan saƙa, gwiwarsa kuwa tana can nesa da ni.

Aka kunna fitila. Yarinyar ta miƙe.

"Malam, me ka gani?"

Malam mai baki ne. Da ya so, da ya yi musu awa guda a kan sauti kaɗai, su tafa masa su tashi. Abin da na so ya yi ke nan, har ina ce masa a raina yi mana, yi mana. Sai ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Ban ga komai ba, 'yata," ya ce. "Na ji buta, na ji cokali, na ji ƙofa. Idona ya daɗe da ajiye aiki. Duk abin da na nuna muku a zangon nan, da idon waccan ta kujerar baya na gan shi. Kin yi wahala a kan fim ɗinki, ba zan biya ki da kame-kame ba."

Ban kalli shugaban sashe ba, don na san in na kalle shi zan faɗi abin da bai kamata ba.

"A sake sa shi," in ji Malam. "Rediyo, a ƙara murya."

Yaran suka waiwayo suna neman rediyon, har suka gane ni ce. Na ajiye saƙa. Muryata ta fito siririya da farko, sannan ta dawo gidanta.

"Ɗaukar kusa, hannun wani dattijo, ya ajiye kofi biyu a tebur. An yanke. Kujera biyu, ɗaya ba kowa. Ya zuba shayi a duka biyun, ya tura ɗaya gaban kujerar. An yanke. Ƙofa ta ɗan buɗe, ba wanda ya shigo. Ya juya. Yanzu fuskarsa ce ta cika allo, kuma ba a yanke ba. Har yanzu ba a yanke ba." Nan kyamara ta kuɓuce mini. "Allah sarki. Bawan Allahn nan kewar matarsa yake yi."

"A'a Mama," in ji wani saurayi a layin gaba, "na ban tsoro ne. Ƙofa ta buɗe da kanta. Kuma ba ki faɗi cewa kyamarar daga ƙasa take ba, ta bayan kujera, kamar wani abu ne ya laɓe yana kallonsa."

Gaskiyarsa, ban lura ba. Amma na ce masa shi da bai taɓa dafa wa kowa shayi ba me ya sani. Aji ya kwashe da dariya, ya kuma rabu biyu, kowa na jan nasa. Malam ya mayar da tabaransa, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya shiga jefa musu tambaya. Ta ina haske ya shigo? Ta taga, suka ce, na safiya ne, mai laushi. Akwai kusurwar ɗakin da aka bari a duhu? Suka duba, babu. Da ƙofa ta buɗe, an nuna bayanta? A'a, a fuskar dattijon aka tsaya.

"To kun gani," ya ce. "Ƙofar da kyamarar ƙasa aro ne daga fim ɗin ban tsoro, saurayin nan bai yi kuskure ba. Amma mai son ya firgita ku yana saurin ɗauke ido daga fuska, ya kai ku inda abin yake. Wanda yake ƙaunar fuska shi ne ke kasa yankewa. Sauran kuma ɗan kallo ne ke zuwa da shi daga gida. Ku kun zo da finafinan da kuka kalla, ita ta zo da shekarunta."

Ya juya inda yake jin numfashin mai tabarau, ya tambaye ta wa ta ɗauka. Ta ce babanta ne, bara mamarta ta rasu, kuma har yau kofi biyu yake fitarwa. Ƙofar iska ce ta tura ta. Kyamara kuwa ba ta da abin kafa ta, shi ya sa ta ɗora ta a kan ɗan benci. Aka yi dariya, ita ma tana yi tana share ido da bakin gyale.

Da aka tashi, shugaban sashe ya je ya kama gwiwar hannun Malam, suka fito baranda ina biye. Ya ce ransa ya sosu da aka ɓoye masa, kamar shi ba ɗalibin Malam ba ne a da. Ya ce zango mai zuwa ajin na Malam ne, bayan nan sai su zauna su duba, ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Sannan ya ce a dawo da kujerata gaba, don kowa ya ji ni da kyau. Zango ɗaya ne kawai, na sani, amma na karɓe shi hannu biyu.

A mota na yi masa faɗa son raina. Na ce saura ƙiris ya kashe ni, mutum ya tashi tona kansa ko shawara babu. Shi kuwa yana ta murmushi yana fuskantar titin da ba ya gani.

Mun iso gida da sauran rana. Na kawo shayi, na ɗauki rimot bisa sabo, sai ya ce in ajiye. Ya ce in ja labule in zo gefen taga, inda haske yake. Na zo.

"Matso," ya ce. "Ƙara matsowa."

Na matso har ina jin numfashinsa a goshina. Idanunsa suka yi ta yawo, sannan suka tsaya, na san ya same ni. Rabon da ya gan ni sosai har na manta.

"Kin yi furfura a gira," ya ce.

"Kai ka sa ni. Shayinka zai huce."

Na yunƙura zan ɗauko masa kofi, ya riƙe mini fuska da tafin hannunsa biyu.

"Tsaya haka," ya ce a hankali. "Kada ki yanke."

Ina da abin faɗa, kullum ina da shi. Na haɗiye, na tsaya masa a cikin hasken har rana ta bar tagar.