Tulun Farfesa Bostan

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, Farfesa Nicanor Bostan ya zauna ya ƙirga ɗaliban ajin ƙarshe da ya yaye kafin ya yi ritaya daga koyar da ilimin kwamfuta a Chișinău, babban birnin Moldova. Su ashirin da shida ne. Tara suna Jamus, shida suna Romaniya, huɗu suna Ingila, uku suna Italiya, ɗaya ya rasu. Uku ne suka rage a gida: ɗaya ya zama limamin coci, ɗaya yana sayar da tayoyin mota, ta ukun kuwa ita ce Ilinca.

Ilinca 'yarsa ce ta baftisma. Shi ya riƙe ta a coci a ƙarshen 1993, shekarar da Moldova ta fara kashe kuɗinta na kanta, tun da ta fara magana kuma take kiransa Nanu, wato uban baftisma. Abin da ya sa shi ƙirgen shi ne maganar da ta yi ranar Lahadi, suna cin tuwon masara a gidansa.

"Nanu, an buɗe gurbi ɗaya a kamfaninmu, a rukunin masu tsara manhaja. Ɗaya tak, kuma a nan Chișinău. In na samu, na zauna. In ban samu ba, akwai masu jirana a Warsaw."

"Ba ce mini kika yi kin zama babbar injiniya ba?"

"Sau uku aka canza mini muƙami, Nanu, kujerar ce dai ba a canza ba. Shekara bakwai ke nan. Su can Utrecht su gina, abu ya tsage, mu nan mu yi faci. Har sunana an yi wa faci, a waya Emily nake."

Kamfanin na mutanen Holan ne, hedkwatarsa a Utrecht, irin waɗanda suka gano cewa yaranmu na Moldova sun iya lissafi kuma ba su da tsada. Farfesa ya san wannan sarai, domin ya taɓa gabatar da lacca a kansa har aka tafa masa. Amma lacca daban, kujerar Ilinca ta ranar Lahadi ta zama wayam kuma daban. Shi da matarsa Raisa ba su haihu ba.

Washegari, Laraba, ya sauka ɗakin ƙasa ya cika tulun gilashi da giyar inabin da ya matsa da hannunsa a kakar bara. Ya kuma roƙi Raisa ta gasa masa plachinta, wato fankasun Moldova, mai kabeji a ciki, tunda lokacin azumin Ista ne.

"Ina za a kai?" in ji ta.

"Gaisuwa zan je. Manajan su Ilinca, Vadim, ɗalibina ne."

"Nicanor, kai ne fa ka yi shekara talatin kana zagin masu wannan hali a jarida. Har littafi ka rubuta, wanda ni kaɗai na karanta."

"Abin da na zaga cin hanci ne, Raisa. Wannan gaisuwa ce."

"Lita nawa ce gaisuwar?"

"Biyar."

"To, a gaishe su da kyau, Farfesa."

A cikin motar haya ya rungume tulun yana yi wa kansa dariya a zuci. Ga mutumin da ya rubuta babi guda cur yana nuna cewa al'adar iyayen baftisma ce ta hana ƙasar nan ci gaba, ga shi kuma sanye da kwat da lakataye zai je ya aikata babin da kansa. Ya lallashi zuciyarsa da cewa masanin cuta ya fi kowa cancantar ya kamu da ita sau ɗaya.

Ginin kamfanin ba baƙonsa ba ne. A nan ya fara ganin kwamfuta a 1978, lokacin wurin yana masana'antar gwamnatin Sobiyet, injin kuwa ya cika ɗaki guda. Yanzu an rushe bangayen ciki, an zuba kujeru masu kama da buhunan wake, babu ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa ya shiga ya rufe. Wannan ya dame shi ƙwarai, domin irin maganar da ya zo da ita ƙofa take bukata.

Vadim ya taso da 'yar shara da wandon jins. Shi ne ɗalibin da Farfesa ya kayar sau biyu a jarrabawa, yanzu kuma mutum tamanin ne a ƙarƙashinsa. Da ya ga tulun sai fuskarsa ta sauya.

"Ranka ya daɗe, Malam, sannu da zuwa. Amma don Allah, wannan... akwai doka."

"Dokar wa?"

"Ta Utrecht. Ba a karɓar kyauta."

"Utrecht ne ya koya maka lissafi?"

"A'a, Malam, kai ne. Sau uku ma."

"To, riƙe, hannuna ya gaji."

Vadim ya riƙe. Da baƙo ne ya kawo, da ya mayar masa cikin ladabi. Amma ɗan Moldova bai iya mayar wa malaminsa inabin da ya matsa da hannunsa ba, ko da dokar daga sama ta sauko. Suka zauna a kan buhunan, Farfesa ya nutse har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Suka yi hirar sanyi da tsadar gas da lafiyar mahaifiyar Vadim. Sai da ya yunƙura zai tashi ya ce, "Ina da 'ya a nan."

"Na sani, Malam. Ai dama..."

"Shi ke nan. Ban ce komai ba."

Ya fita yana jin daɗin cewa bai roƙi komai ba, kamar yadda kakanninsa ba su taɓa roƙon komai ba.

Vadim ya yi dabarar da yake ganin za ta fisshe shi. Ya kai tulun da farantin plachinta zuwa kicin ɗin ofis, domin abin da kowa ya ci ba kyautar kowa ba ne. Ranar Juma'a bayan tashi ma'aikata suka taru suka sha, suka yaba. Sai dai iyayenmu mata sun hore mu da cewa ba a cin abin mutum a ɓoye sunansa. Saboda haka wata ma'aikaciya mai tarbiyya ta ɗauki hoton tulun ta sa a shafin kamfanin na cikin gida, wanda duk rassa ke gani, ta rubuta a ƙasa: "Godiya ga nanun Ilinca, Allah ya ƙara lafiya!"

Ranar Litinin wata Madam Annelies, mai kula da ɗa'ar ma'aikata a Utrecht, ta kira Vadim ta tambaye shi mene ne nanu.

Abin da ya biyo baya Farfesa ya ji shi ne daga bakin Vadim, wanda ya zo gidan da kansa bayan mako biyu, ɗauke da tulun a wanke.

"Na ce mata ba dangi ba ne. Ta ce to madalla. Sai na ji ban yi maka adalci ba, Malam, na ce ai ya fi dangi. Ta ce me ake tsammani daga gare shi? Na ce ya tsaya wa yarinyar a duk inda take neman abu. Ina bayani tana rubutawa."

"Yau ka iya ba da cikakkiyar amsa, wadda ba ka iya ba a jarrabawata," in ji Farfesa.

"An cire sunanta daga takarar. Sun ce ba hukunci ba ne, kariya ce." Vadim ya sunkuyar da kai. "Malam, tun ranar Litinin ɗin da ta gabaci zuwanka na aika sunanta. Ita kaɗai na aika. Shi nake son gaya maka, ka ce ba ka ce komai ba."

Raisa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta karɓi tulun ta duba cikinsa. "Aƙalla sun iya wanki," in ji ta.

Ilinca ta zo ranar Lahadi kamar kullum. Farfesa ya shirya jawabi mai sassa uku, amma da ta zauna sai ya kasa gano sashen farko.

"Nanu," ta ce, "ka san a tarihin kamfanin nan kai ne mutum na farko da ya ba da toshiya don a ƙwace abin da aka riga aka ba 'yarsa?"

"A tarihin kamfanin, ƙila. A tarihin ƙasar ina da magabata." Ya cire tabarau ya goge. "Na saka littafina a murhu, Raisa ta ciro. Ta ce shi kaɗai ne kwafin da aka taɓa karantawa."

Ta yi dariya har ta share ido, shi kuwa bai tabbata duka dariya ce ba.

"Ki jira shekara guda, 'yata. Za su sake buɗewa."

"Ba za su buɗe ba. Sun ce tunda babu ɗan takara a nan, gurbin ya koma Utrecht. In na zauna, faci ne har in yi furfura irin taka, kuma ni ba ni da fansho a jami'a."

"Ni na kore ki."

"Ka dai tura ƙofar, Nanu. Dama a buɗe take, ni ce na tsaya a bakinta ina jin kunyarku." Ta miƙa wa Raisa, uwarta ta baftisma, farantinta. "Ƙara mini tuwon, Nana, a can ba su san shi ba. Kai kuma ka cika mini kwalba ɗaya. Ƙarama. Kuma ba za ka raka ni wurin sabon manajana ba."

Ilinca ta tashi zuwa Warsaw a farkon Yuni, inda take tsara manhaja da sunanta na gaskiya. An mayar da Vadim wani sashe na wata shida, sannan aka dawo da shi kujerarsa. Daga ajin Farfesa Bostan na ƙarshe, mutum biyu ne suka rage a Chișinău, limamin coci da mai tayoyi.