Garwashi a Cikin Injin Shara

Sirajudeen na durƙushe bayan kantar shagon gyaran injin shara yana zare gashin kare daga burushin wani inji, sai ya ji an dire wani abu a kan tebur da ƙarfi. Ko bai ɗago ba ya san jan injin sharar Dakta Haidar ne ya dawo, karo na uku ke nan. Mista Martins mai shagon kuwa ya riga ya gaya masa da Turancin da ba ya buƙatar tafinta cewa in injin nan ya sake dawowa, to shi da injin tare za su fita.

Ga shi aiki a garin Silver Spring na Amurka ba a tsintarsa a titi, kuma da wannan shagon yake ciyar da gida guda a Kumasi.

"Malam Siraju, abin nan ya ishe ni," in ji Dakta Haidar, likita ɗan Kano mai aiki a wani asibiti a Washington. "Ya sake ƙonewa. Bari in gyara fakin in dawo, yau sai an yi ta ta ƙare."

Ya fita ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Atine, wadda ta zo daga Kano taya su renon jariri. Sirajudeen ya rusuna ya gaishe ta, ya jawo mata kujera. Ta amsa da fara'a har da tambayar mutanen gida, amma idonta na kan injin.

Ya kwance tiyon ya girgiza. Wasu baƙaƙen abubuwa suka faɗo tafin hannunsa. Ya murza ɗaya, ya kai hanci. Gawayi ne, da ɗanƙon turaren wuta manne a jikinsa. Ei! Shi da ya yi ta canza wayoyi yana zargin kansa, ashe wuta ake ɗura wa bawan Allah.

Ya ɗago, suka haɗa ido da Hajiya.

"Ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "rufe hannunka."

"Mma, garwashi ne fa."

"Na san garwashi ne, ni na hura shi. Ka ji gari! Gida ba turare kamar ɗakin awo? Ran da na fara sa kasko, wani abu a silin ya kama ihu, kafin in ce me, ga 'yan kwana-kwana da gatari a ƙofa. Haidar ya ce kada in ƙara, na ce to. Yanzu sai sun fita aiki nake ɗaure wa abin ihun safa a baki, in yi abina."

"To injin fa, Mma?"

"In na ji motarsa ta tsaya, ina zan kai wutar? Sai in kunna wannan ya haɗiye. Ai yana haɗiyewa tas, Allah ya yi masa albarka."

Dariya ta taso wa Sirajudeen, tsoro ya danne ta. Ya gaya mata gaskiya, korarsa za a yi. Hajiya ta yi salati, ta ce ba za a kore shi ba da yardar Allah, za ta sa shi a addu'a har a Harami. Amma ya dubi furfurarta, kada ya kunyata ta gaban ɗan da ta haifa. Wannan fa shi ne tashin hankali. Inda Sirajudeen ya tashi, ba a buɗe baki a ce tsohuwa ta yi laifi, bare a gaban ɗanta. Ya dunƙule hannu ya zura a aljihu.

Dakta ya dawo daidai lokacin da Mista Martins ya fito daga ofis, fuska ba annuri.

"Me ka gani a ciki?" Martins ya tambaya da Turanci.

Sirajudeen ya dubi Hajiya. Ta ɗauko carbi ta duƙufa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ban ga komai ba, Oga."

"Ba ka ga komai ba. To ni zan gani, kai kuma ka fara tattara kayanka."

Martins ya mayar da tiyon, ya jona injin a wuta, ya danna. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, sannan ya feso wata iska ta baya. Nan take shagon da ya saba warin roba da tsohuwar ƙura ya gauraye da ƙamshin hawi da sandal, sai ka ce ɗakin amarya. Wata Baturiya da ke duba burusai ta lumshe ido, ta tambaya ko ana sayar da wannan ƙamshin.

Dakta Haidar ya tsaya cak, hancinsa ya buɗe. A cikin ƙamshin nan aka goya shi, ko a mafarki ba zai ɓace masa ba. Ya dubi injin, ya dubi aljihun Sirajudeen da ya yi baƙi, ya dubi silin. Ko'ina ya duba ban da inda uwarsa take zaune.

"Mista Martins," ya ce a hankali, "yanzu na tuna. Laifina ne. Na gasa nama a baranda, garwashi ya zube, na sa injin na kwashe."

"Har sau uku?"

"Ina son nama."

Martins ya shaƙi iskar ya ce lallai naman Najeriya daban ne. Ya bayyana cewa garanti bai shafi wanda ya ciyar da inji wuta ba, Dakta ya ce ya yarda, zai biya. Martins ya bubbuga kafaɗar Sirajudeen, ya ce masa ya ajiye kayansa, shi kuma ya koma ofis.

Hajiya ba ta ji Turancin ba, amma ta ga yadda aka ƙare. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ka gani ko, Haidar? Na ce maka yaron nan ya iya aikinsa, kai ne da gaggawa."

"Haka ne, Hajiya."

Ya sunkuci injin ya yi gaba. Ita ta ɗan ja baya har ƙofa ta rufe, sannan ta matso kusa da kantar, ta nuna wani inji mai kama da bokitin ƙarfe a saman shelf.

"Wancan na mene ne?"

"Na kwashe tokar murhu ne, Mma. Amma sai tokar ta huce."

Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa, ta ƙwanƙwasa kantar da carbi.

"Sauko min da shi in ga cikinsa."