Malafar Baba da Rufin Akori-kura

Ƙanena Lalo ne ya yanke rufin, ba ni ba. Na fara da wannan ne don har yau a garinmu Tulare akwai masu cewa wai 'ya'yan Eusebio Barragán ne suka yi ɓarnar, a zuba mu a kwando ɗaya. Sam. Ranar da abin ya faru ina Fresno, baki buɗe a gaban likitan haƙori.

Motar ta Baba ce, akori-kura ƙirar 1950, wadda ya yi jigilar lemo da inabi da ita tun ban zo duniya ba. Ta daɗe jibge a bayan gida, kaji na ƙwai a kan kujerarta. Lalo ya yi ta binsa da naci ya ba mu ita mu mayar da ita motar ƙwalisa irin ta 'yan tsere: a sauke ta kusa da ƙasa, a ɗora mata ƙaton inji, a rage mata tsayin rufi. Garejin nawa ne, ni ke bugun ƙarfe. Lalo inji ya sani, bakinsa kuma ya fi injin ƙara.

Da Baba ya gaji, ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama da ita. Magana ɗaya ce tawa. Yadda na saba shigarta haka zan shige ta, da malafata a kaina."

Duk wanda ya san Baba ya san malafar nan. In ba a coci ba, babu wanda ya taɓa ganin tsakiyar kansa a waje. Don haka na zaunar da shi a kujera, na auna daga mazauninsa har ƙololuwar malafa, na ce inci uku za mu cire, ko gashin baki ba ƙari. Na zana layi a jikin ginshiƙan da ke riƙe da rufin, na nuna wa Lalo da yatsa.

To, kowa ya san yadda ake rage rufi a wajenmu. A yanke ginshiƙai, a cire yanki, a mayar da rufin, a ɗan ɗiga walda ta riƙe shi, sai a turo motar bakin ƙofa. Daga nan kowa ya ɗauki kwalbarsa a tsallaka titi, a tsaya can a kanne ido ɗaya ana kallo. Daga nesa ake ganin layin mota, wannan gaskiya ce. Amma a tsallaken titin nan ne Shaiɗan yake shimfiɗa tabarmarsa. Abokin Lalo, wani Dwight Okerlund mai sayar da taya, shi ya fara: "Kai, wannan ai har yanzu motar kai kabewa kasuwa ce. Ƙara inci ɗaya mana." Aka ƙara. Aka sake tsallakawa. Wani ya ce saura ƙiris. Aka sake ƙarawa. Maza manya da furfurarsu suka yini suna tsallaka titi, ba a samu ko ɗaya da ya ce bari in shiga ciki in zauna ba. Kujerar ma tana jingine da bango.

Da na dawo, rabin fuskata a mace da allura, na tarar an cire inci biyar da rabi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau. Ta tsuke ido kamar mai shirin faɗa, rufin ya kwanta ya bi bayanta sumul. Sai da na yi wa kaina tsawa kafin na daina kallo.

"Yaya Ofelia, faɗi gaskiya," in ji Lalo, yana washe baki. "Ba ta haɗu ba?"

"Ina yankunan da ka cire?"

Ya nuna bokitin shara. Da yake kaɗan-kaɗan suka yi ta cirewa, ya yanyanka su kamar albasar miya. Babu abin mayarwa.

Washegari Baba ya zo da sandarsa. Muka saka kujerar. Ya dafa ƙofa, ya ɗaga ƙafa a hankali, ya shiga. Malafar ta daki rufi, ta lotse, ta sauko masa har kan hanci. Dwight, da shi ma ya zo ganin ƙwaƙwaf, ya saki dariya, sannan ya haɗiye ta da ya ga ba wanda ya taya shi.

Lalo ya ce, "Baba, ai in ka ɗan sunkuya kaɗan..."

Baba ya fito. Ya cire malafar a gaban Dwight, a gaban kowa, ya sa hannu ciki ya tayar da lotsawar, ya mayar kansa.

"Na sunkuya a gonar auduga," ya ce. "Na sunkuya a gonar inabi, na sunkuya wa masu gona. Ranar da na sayi motar nan na zauna a cikinta, ran nan na fara zama kaina a miƙe. Yanzu ɗana ne ke cewa in sunkuya."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya tafi, daga ranar kuma ya daina yi wa Lalo magana. Ranar Lahadi in mun taru cin abinci, sai ya ce da ni, "Ofelia, miƙa wa mutumin can wake." Shekarunsa sun haura tamanin, zuciyarsa kuma likita ya riga ya yi mana kashedi a kanta. Ni dai na san ba mu da lokacin da za mu bar fushi ya huce da kansa. In bai shiga motar nan ba, to haka zai tafi bai kira sunan ɗansa ba.

Lalo ya zo gareji kamar kazar da ruwa ya doka. Ya ce mu cire kujerar a shimfiɗa katifa a ƙasa. Na ce gwiwoyin wa za su lanƙwashe, naka ko na Baba? Ya ce to a yi sababbin ginshiƙai a ɗaga rufin ya koma yadda yake. Wannan zai yiwu. Amma na tsaya na kalli motar, na ji raina bai yarda ba. Sakarcinsa ya haifi layi mai kyau, ni kuma ban iya kashe layi mai kyau ba.

Na ce, "Taga za ta tsaya yadda take. Ƙasa za mu nemi wuri, mu nemi saura a sama."

Na yanke daɓen motar gaba ɗaya. Na yi sabo da fallen ƙarfe, na nutsar da shi tsakanin ƙarafan shasi, wato ƙashin bayan motar, na yi masa kwarmi daidai inda kujera za ta zauna, na buga masa jijiyoyi don kada ya riƙa kuka in an taka. Wannan ya ba mu inci ɗaya da rabi. Ƙasa da haka, mutum zai zauna a kan bututun hayaƙi.

Sauran incin dole daga rufi zai fito. Sai an yi sabon rufi mai ɗan tudu a tsakiya, tudun da zai ba malafa wuri amma ido ba zai kama shi ba. In ya yi yawa, mota ta zama kamar ta kifa ƙwarya a ka. In ya yi kaɗan, aikin banza. Irin wannan ba a yin sa da guduma. Sai a na'urar murza, wadda ke da ƙafafun ƙarfe biyu masu juyawa kamar taya, ɗaya bisa ɗaya, ana tura falle a tsakaninsu gaba da baya har ya miƙe ya ɗauki lanƙwasa. Falle mai faɗin rufi kuwa mutum ɗaya ba ya iya riƙe shi. Sai biyu, ɗaya a kowane gefe, in wannan ya tura wancan ya ja, numfashinsu ɗaya.

"Kama can," na ce da Lalo.

"Ni? Yaya, ni fa ban taɓa..."

"Zarto ma ba ka taɓa ba, ai ka iya."

Fallen farko mun lalata shi kafin azahar. Lalo gaggawa gare shi, yana fizga kamar mai ƙwace, ƙafar ta bar masa layi-layi a jiki. A na biyu ya saki gefensa don ya sosa hanci, falle ya karye a tsakiya. Na zage shi tas, har da abin da ya yi mini muna yara. Ya ce ni ma ai tun ina 'yar shekara goma nake mulkin mallaka. Na ce to ja, malam, surutu ba ya lanƙwasa ƙarfe.

A na uku ne ya yi shiru. Ban san lokacin da abin ya faru ba, sai na ji nauyin falle ya daidaita a hannuna, in na tura yana karɓa, in ya turo ina karɓa, ba mai kallon wani. Muka yi kwanaki a haka. Kafaɗunmu suka yi tsami, tafin hannunsa ya yi ƙanta. Lokaci-lokaci mu sauke, in ɗora ma'aunin katako in ga inda haske ke leƙowa, in rufe ido in shafa da tafin hannu, don hannu na ganin abin da ido ba ya gani. Wata rana na ga shi ma ya rufe ido yana shafawa.

"Nan akwai ɗan kwari," ya ce.

Na shafa. Akwai kuwa. Daɗi ya kama ni, amma na ɓoye don kada kansa ya kumbura.

Waldar ni na yi, ɗigo-ɗigo, nan da can, don kada zafi ya murɗe aikin. Kowane ɗigo in buge shi da guduma, Lalo na ciki yana tare mini da dunƙulen ƙarfe. Muka goge har wurin haɗin ya ɓace. Ban shafa mata abin cike, ƙullin toshe lotsawa da maganaɗisu ba ya kamawa, ko na ƙwayar gero ba. Ƙarfe ne tsirara, duk mai shakka ya zo da maganaɗisunsa ya gwada. Dwight ya zo da nasa kuwa, ya bi rufin kaf, ya mayar aljihu, ya ce, "Ke dai mayya ce." Na ce na gode, tsallaka titi ka ba mu wuri.

Ni na je na ɗauko Baba. A hanya ya ce shi ba abin da zai gani, na ce to ka zo ka ƙi gani a can. Motar tana tsakiyar gareji, babu fenti, babu gilashi, babu inji, tana kan tayoyin aro. Lalo ya raɓe a bayan na'ura yana murza tsumma.

Baba ya zagaya ta. Ya dafa ƙofa, ya shiga, ya zauna. Ya miƙe bayansa sosai, da gangan, har da ɗaga haɓa. Malafar ta tsaya cak. Ya ɗaga hannu ya zura yatsa tsakaninta da rufi, yatsan ya shige. Sai ya bi cikin rufin da tafin hannu, daga gaba zuwa baya, yana neman inda aka haɗa. Ya nema, ya sake nema.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni a gefe ɗaya," na ce. "Mutumin can a ɗaya gefen."

Ya kama sitiyari da hannu biyu, ya zuba wa bangon gareji ido kamar hanya ce a gabansa. Muka jira ya fito. Bai fito ba. Na ce Baba, mu je gida, rana ta yi. Ya ce shi nan zai ci abincinsa, in je in sayo tamale, alalen masarar nan tamu, wajen matar da ke bakin kwana, masu naman alade, kada in kawo masu cuku.

Na ɗauki makulli. Duk abin da na taɓa bugawa da hannun nan, babu wanda ya kai rufin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina bakin ƙofa na ji Baba ya miƙa hannu ya tura ɗaya ƙofar, ta buɗe.

"Lalo," ya ce. "Tsayuwar me kake yi kamar baƙo? Shigo ka gaya mini wane irin inji za ka sa mata."