A Sake Dariyar

Waƙar mijina da ta fara karɓuwa ba don muryarsa ta karɓu ba. Shi ma ya sani, ko da yake ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

A ɗakin kwananmu yake ɗaukar waƙoƙinsa. Yakan jingina katifa a jikin taga, ya rataya bargo a ƙofa, ya kashe fanka, ya yi ta zufa. Rannan yana tsakiyar amshi 'yarmu, wadda muke kira Kurciya, ta kutso ta ƙarƙashin bargon. Ta gan shi yana lumshe ido yana yi wa bango waƙa, ta ƙyalƙyale da dariya. Ya bar dariyar a cikin waƙar. Kafin mu farga mutane sun yanke wurin suna ɗorawa a kan bidiyonsu. Shekara da shekaru yana rera waƙa, sai ga shi ana ce masa "mai dariyar nan".

A nan Manaja ya shigo. Abokinsa ne tun makaranta, mai yawan turare da yawan shawara.

"Matarmu, ki gane," ya ce da ni a falo. "Mawaƙin da ba shi da kamfani, shi ne kamfanin kansa. Abin da kasuwa ta karɓa shi ake ƙara kai mata. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

Nufinsa a sake ɗaukar dariyar Kurciya a saka a sabuwar waƙa. Na ce murya kawai. Ba hoto, ba bidiyo, ba fuskarta ko ta gefe. Yarinyar ko shekara uku ba ta cika ba.

Ya dafa ƙirji. "Haba! Ai 'yata ce."

Muka tafi situdiyo da hantsi, bayan ta ci ta ƙoshi, don na san lokacin da take da fara'a. Na ɗauki ruwanta da rigar sanyi. Ɗakin ɗaukar murya ɗan ƙarami ne, bangonsa duk soso, da gilashi tsakaninsa da mai haɗa sauti. Aka ɗora ta a kan doguwar kujera, aka sauko mata da makirufo daidai baki. Ƙafafunta suna lilo.

Babanta ya kumbura kumatu. Ta dube shi. Ya yi kukan akuya, ya yi tafiyar agwagwa. Manaja ya kaɗa mata makullin mota kamar jaririya.

"Baba, me kake yi?" ta ce.

Mai haɗa sauti ya danna maɓallinsa, muryarsa ta faɗo daga sama. "Oga, wasu na jiran ɗakin fa. Ko mu saka taka dariyar, mu matse ta ta koma kamar ta yarinya?"

Mijina ya juyo ya dube ni. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin ɗakin, kuma na san ya riga ya sanar da mabiyansa cewa sabuwar waƙa na tafe.

Akwai wasan da muke yi ni da ita bayan wanka. Ina lulluɓe ta da tawul, in yi ta nemanta, ina tambayar bokiti da sabulu ko sun gan ta. Ba wanda ya san shi sai mu biyu. Na cire ɗankwalina na yafa mata a ka.

"Ina Kurciyata ta shiga? Kai makirufo, ka ganta?"

Ɗankwalin ya fara rawa. Ta fizge shi, dariyar ta ɓalle, irin wadda take zuwa da shaƙuwa.

"Kujera ta yi ƙara," in ji muryar sama. "A sake."

Na sake. Aka ce awarwarona sun shiga, na tuɓe su. Na sake. Aka ce ta yi nisa da makirufo. Ina jin bakina yana tambayar bango da fitila ko sun ga 'yata, kamar wata ce take magana a maƙwabta. Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba. Hannuna dai yana yafawa yana jira.

Can ta daina jiran in tambaya. Da ɗankwali ya sauka sai ta janye shi, ta buɗe baki, ta yi "ha-ha-ha", ta dubi gilashi.

"Mama, na yi daidai?"

Na bi idonta. Manaja ne a bayan gilashin, ya ɗaga waya.

Na fita na miƙa masa hannu.

"Matarmu, na tarihi ne kawai. Wata rana ita da kanta za ta gode mana."

Ban janye hannun ba. Ya dubi abokinsa, abokinsa ya dubi takalminsa. Ya ba ni. Na goge bidiyon, na shiga inda gogaggun suke taruwa na sake gogewa, na duba ko ya tura wa wani. Bai kai ga turawa ba. Na ajiye masa wayar a kan tebur, na saka wa Kurciya rigarta.

"An samu mai kyau a na farko-farkon," in ji mai haɗa sauti. "Zan share ƙarar kujerar."

Mijina ya ce zai tsaya a ƙarasa haɗawa. Na ce to.

A motar haya na ɗora ta a cinya, ta jingina da ni tana tsotsar robar ruwanta. Wani dattijo a kusa da mu ya zaro wayarsa, ya nesanta ta da idonsa yana neman lamba. Kurciya ta ajiye robar, ta gyara zama, ta dubi bayan wayar.

"Ha-ha-ha," ta yi.

Dattijon ya ce, "Kai, yarinya mai fara'a! Allah ya raya."

Na ce amin. Na juyo da fuskarta zuwa ƙirjina, na riƙe ƙeyarta har muka sauka.