Karen da Maigida Ya Kawo

Maigidana ne ya kawo karen nan, wai saboda ɓarayi. Ruwa biyu ne, uwarsa karyar unguwa, ubansa irin na 'yan sanda. Ya zama ƙato kamar maraƙi, amma wanda ya kawo shi ko kwanonsa bai taɓa wankewa ba. Ni ce abinci, ni ce wanka, ni ce cire kaska.

Ɓarawo dai har yau ba mu gani ba. Abin da karen ya tsana shi ne ɗaga murya. Duk wanda aka yi wa tsawa a gidan, sai ya tsaya a gabansa yana gurnani.

Jiya na tarar da sabuwar rigata ta ƙone. Maigida ne ya ajiye dutsen guga a kanta ya tafi amsa waya. Na fito falo raina a ɓace, na same shi zaune yana sosa wa kare kunne.

"Baban yara!" na ce.

Kare ya miƙe. Ya dube ni, ni da na ba shi ƙashi da safe, ya yage baki.

"Yi a hankali," in ji maigida. "Kin san ba ya son hayaniya."

Haka na zazzage masa da raɗa, kamar mai gaida marar lafiya. Da yamma maƙwabciya ta tare ni, wai in gaya mata sirrin zaman lafiyarmu, ta daɗe ba ta ji muryata ba.