Lef, Sannan Rai

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Umara tela a kasuwar Haɗeja, a shekarun nan bayan an dawo daga yaƙin Bama na ƙetaren teku, ya san Zarami. In bai san shi da wannan suna ba, to ya san shi da Mai Guduma. Manomin shinkafa ne a fadama, gajere, mai sanƙo, ga murya kamar ganga. Ya yi soja, ya dawo da tabo a ƙwauri da kuma labarin wai yana jin Turanci. Tabon dai kowa ya gani. Turancin kuwa, in ka cire lef-rai na fareti, wato hagu-dama, da zagi biyu-uku, wallahi babu komai a ciki. Amma wa zai gwada shi?

Sunan Mai Guduma daga wani littafi ya samo shi. Sa'idu direba ne ya tsinto littafin a Malam Madori, cikin takardun da ake naɗe kaya a kantin gyaɗa. Bangonsa gaba da baya duk sun yage. Zane-zane ne masu launi cikin 'yan akwatuna, maganar mutanen tana fitowa daga bakinsu a cikin wani abu kamar kumfa. Aka juya, aka juya, sai aka miƙa wa mai Turanci. Zarami ya dake, ya gyara zama. Ya buɗe daga hannun dama kamar yadda ya koya a makarantar allo, ya bi hotuna, ya sa musu magana daga kansa.

Labarin ya fita tsaf. Gari na zaune lafiya, jama'a na kan tudu suna murna. Sai ga wani ƙato ya rufe fuska, koren mayafi a kafaɗa, ya ɗora bante a kan wando. Yana tashi sama, yana surar mutane ɗaya-ɗaya yana kai su tsakiyar ambaliya. Can a ƙarshe ruwa ya janye, ga wani gajere mai sanƙo tsaye a gindin wata ƙatuwar jinga, guduma a hannu, jingar lafiya lau, yana murmushi.

"Shi ya gyara ta," in ji Zarami. "Ga shi nan a rubuce."

Kai, mutanen fadama kuma a ba su labarin mai gyaran jinga! Ai sai rumfar Umara ta zama wurin musu. Kullum bayan la'asar sai an ɗauko littafin. Wani ya ce Mai Bante aljani ne, wani ya ce asiri ne a mayafin. Umara shi ɗinkin mayafin ne ya dame shi, wai ina aka sa maɓalli da iska ba ta fizge shi?

"Ni fa tashin nan nasa yana burge ni," Sa'idu ya ce wata rana.

"Kai dai an yi mutumin banza," Zarami ya daka masa tsawa. "Wanda ke yawo da bante a waje, yana jefa tsofaffi a ruwa, shi ne gwaninka?"

Da yake shi ma Zarami sanƙo gare shi, kuma shi ke jan gayya duk damina in za a tayar da jingar unguwarsu, sunan bai sha wahalar kama shi ba. Ya so sunan nan fiye da nasa na yanka. Har ya sa aka zana masa mai sanƙon a goshin kwalekwalensa. A gida kuwa 'yarsa Zinariya, 'yar shekara biyar, ta haddace labarin kaf, in ta ga hoton sai ta ce ga Baba.

Abin ya lalace ne shekarar da aka buɗe ajin manya na yaƙi da jahilci, Umara ya shiga. Bayan 'yan makonni ya ja Zarami bayan rumfa, ya rage murya.

"Abokina, rubutun boko fa daga hagu ake fara shi. Ina jin littafin nan daga ƙarshe muke tasowa."

Zarami ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Da ya yi shiru a nan, da Umara ya rufa masa asiri, don mutumin kirki ne. Amma ina! Girman kai bai bar shi ba. Ya dawo cikin rumfa yana dariya da ƙarfi.

"Jama'a ku ji! Umara ya koyi a-ba-ca shekaranjiya, yau zai koya wa wanda ya ƙetare teku karatu. Tela, tsaya a kan allurarka."

Aka tuntsire da dariya. Umara ya ajiye almakashi, fuskarsa ta canza. Ya ɗauki littafin ya kifa shi, ya buɗe daga hagu, ya ɗaga kowa ya gani. Bai karanta ko kalma ɗaya ba, don shi ma ba Turancin yake ji ba. Shafi kawai yake juyawa. Ga jinga lafiya lau, ga mai sanƙo da gudumarsa yana murmushi. Shafi na gaba ya ɗaga guduma. Na gaba jinga ta tsage, ruwa ya cinye gari. Sai ga Mai Bante yana tsamo mutane ɗaya-ɗaya yana kai su tudu, a ƙarshe jama'a na ta murna.

Murmushin nan da suka yi wata da watanni suna yabo, yau kowa ya gan shi da kyau, murmushin mugunta ne.

"Zarami," Umara ya ce a hankali, "shekara nawa ana yi maka ihun lef-rai a fareti? Ba ka ji da wanne ake farawa ba? Lef, sannan rai."

Sa'idu ne ya fara fashewa. "Ashe gwanina ne mutumin kirkin! Mai Guduma, ashe kai ke fasa mana jinga duk shekara!"

Kunya ta kama Zarami, kunya irin wadda ke sa kunnuwa zafi. Ko takalminsa bai saka daidai ba ya fice, dariya na bin sa har layin masu kifi. Bai nufi gida ba, bakin kogi ya yi, ya sami fasasshen kasko ya duƙa yana kankare zanen goshin kwalekwalen. Fenti ya fita, amma siffar ta zauna a jikin katakon, sanƙo da guduma, ko daga nesa ana ganewa. Wasu masunta suka wuce a jirginsu, ba su ma ji labari ba tukuna, suka ɗaga masa hannu da fara'a: "Mai Guduma, sannu da aiki!" Bai iya ɗaga kai ba.

Washegari bai je kasuwa ba. Da hantsi Umara ya aiko da littafin, wai ya riƙe, nasa ne. Zarami na zaune a zaure da shi a cinya sai ga Zinariya da gudu, ta haye ƙafarsa.

"Baba, karanta mini."

Ya daɗe yana kallon littafin. Ya ce a ransa yau dai ko ita kaɗai ce zai faɗa wa gaskiya. Ya buɗe daga hagu, ya share murya.

Yarinya ta kalle shi ta kwashe da dariya. "Baba, ka manta? Ba ta nan ake farawa ba." Ta karɓe da 'yan hannuwanta ta kifa shi, ta buɗe daga dama, ta bi shafi-shafi tana ba shi labarin da muryarsa, har da zagin Mai Bante. Da ta kai ƙarshe ta ɗora yatsa a kan mai sanƙon nan mai murmushi.

"Ga ka nan," ta ce. "Ko ba kai ba ne?"

Zarami ya bar littafin yadda ta buɗe shi, bai gyara mata ba.