Na Dawo Daga Maigatari Ba Takalmi

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa, ni kaɗai ce mace mai sa takalmi sau-ciki a zangon ma'aikata. Sunana Lauratu. Daga ƙasar Zazzau mijina Haladu ya zo da ni, na yi makarantar mishan, ina karatu ina rubutu. Matan zango suna kirana Baturiyar Zazzau. Su kira! In zan wuce su ma ƙara ɗaga kai nake yi.

Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa. A rumfar Baba Ɗantsoho, maƙerin da ke gyara diga, muke yin sujada. Lokacin azumin da ke gaban Ista ne, kowa ya hana kansa wani abu. Baba ya bar goro. Haladu ya bar nama, wanda dama ba ma ganinsa. Ni na ce na bar gardama.

"'Yata, ɗauki abin da za ki iya mana," in ji Baba. Rumfa ta kaure da dariya.

Cikin azumin nan zazzaɓi ya kwantar da 'yar'uwarmu Kyauta, nononta ya ƙafe. Jaririyarta Murja ta koma shan ruwan kunu, tana sha tana amayarwa. Bazara ce, Fulani sun yi kudu da shanu, babu kuma wata mai goyo a zango. Baba ya ce sai an samo akuya mai shayarwa. To wa zai je? Namijin da ya bar aiki an kore shi ke nan.

"Ni zan je," na ce.

"Ke? Da wannan takalmin?" in ji Haladu.

"Da shi, maigida. Ku dai ku yi addu'a, sauran ku bar mini."

Na bi masu jakuna zuwa Gumel. Awaki ga su nan, amma duk hantsa a tsotse. Aka ce sai Maigatari. Na wuce! Ranar kasuwa na shiga garin, raƙuma, shanu, mutanen Damagaram, hayaniya kamar ƙasa za ta tsage. Can na hango ta: ja, gajeriya, hantsa cike, ɗanta na tsalle a gefe. Mai ita wani dattijo ne, Ubale. Na miƙa masa munduwar azurfata ta aure, ya juya ta, ya ce ya sallama.

Na ja igiya. Akuya ta kafe ƙafafu. Na ja, ta ja, ɗan yana kuka, tana amsawa. Mutane suka fara taruwa.

"Baiwar Allah, cinikin uwa muka yi, ba da ɗa ba," in ji Ubale. "Ɗan kuwa na riga na yi wa uwargida alkawarinsa. Sai dai in kai mata abin da zai rufe bakinta."

Ya dubi ƙafafuna. Ni ma na dube su.

Wai ni za a gani ƙafa tsirara a tsakiyar kasuwa? Sai kukan Murja ya faɗo mini, wanda ya riga ya zama kamar na kyanwa. Na tuɓe, na miƙa masa. Ubale ya karɓa, ya cika mini gora da ruwa, ya ce Allah ya raya yarinyar.

Na saɓa ɗan a kafaɗa, uwar ta biyo ni da gudu, ko igiya ban ƙara ja ba.

Wayyo rairayin ƙasar Gumel! Kafin rana ta take, tafin ƙafata ya yi bororo. Ƙarangiya ta same ni sabuwa fil, ta yi biki. Na yage gefen mayafina na naɗe ƙafafu, na ci gaba. Ruwan gora rabi nawa, rabi na akuya, daga baya ma duk nata, don in ta ƙafe na yi wahalar banza. Wata mata a Gumel ta ba ni wurin kwana da fura, ta ce in huta kwana biyu. Na ce a'a.

Bayan Gumel ƙafafun suka ƙi. Na zube a gindin wata aduwa, tsummokaran sun jiƙe da jini.

"Ubangiji," na ce, "na bar gardama, don haka ba zan yi da kai ba. Amma ƙafafun nan sun ƙare. Akuyar taka ce, yarinyar ma taka ce. Ka san yadda za ka haɗa su."

Ina zaune ina korar ƙudaje sai na ji waƙa. Waƙar sujadarmu, da muryar Baba mai kama da zuga-zugi! Ashe Lahadi ce, ba aiki, suka kwaso sujadar gaba ɗaya suka hau hanya don su tarye ni. Ga Haladu a gaba da tulu, ruwan da suka rage daga rabonsu. Ga matar Baba a baya, da Murja goye.

Na tashi na yi guɗa, na manta ba ni da ƙafa, na sake zubewa.

"Ina takalmin, Baturiya?" in ji Baba.

"Ga shi can yana cin ciyawa. Baba, a tatsa!"

Nan take aka hura wuta, aka tatsa, aka tafasa, aka sirka. Matar Baba ta ɗiga wa Murja a baki da ludayi. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta lashe, sai ta damƙe ludayin da hannu biyu. Haladu ya jefa hularsa sama, Baba ya ɗaga waƙa daga inda ya tsaya.

Da za mu koma, Haladu ya durƙusa ya ce in hau bayansa.

"A gaban mutane? Allah ya kiyaye!"

"Ba kin bar gardama ba?"

Na hau. Murja ta yi barci tun kafin mu bar inuwar aduwa.